Attajiri da Sarauta: Dangantakar Gidajen Dukiya da Masu Mulki Daga Kano Zuwa Katagum

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa mai kuɗi abokin sarki ne. Wannan karin magana ya tsaya a kan abota, bai kai ga 'yan'uwantaka ko gado ba, kuma a cikin wannan zaɓen kalma akwai tarihi mai tsawo. A ƙasashen Turai an sha ganin gidan masu banki ya tashi daga kan teburin canji ya ƙare a kan gadon sarauta. Gidan Medici na birnin Florence a Italiya ya kafa bankinsa a 1397, ya fitar da Fafaroma Leo na 10 a 1513 da Clement na 7 a 1523, sa'an nan 'ya'yansa mata biyu suka zama matan sarakunan Faransa. A Jamus, Jakob Fugger ne ya ba da mafi yawan kuɗin da aka sayi ƙuri'un da suka ɗora Charles na 5 a kan mulkin daular a 1519. A Ingila kuwa, Lionel Rothschild ya ranta wa gwamnatin Disraeli fam miliyan 4 a 1875 don sayen hannun jarin mashigin Suwez, bayan shekara 3 kuma wata 'yar gidan, Hannah, ta auri Lord Rosebery wanda ya zama firayim minista a 1894.

Wannan maƙala za ta duba yadda irin wannan dangantaka ta kasance a ƙasar Hausa, tare da ɗaukar gidan Alhassan Ɗantata na Kano a matsayin babban misali, da kuma ƙasar Katagum, wato Azare da garuruwa irin su Giade, a matsayin wurin da ake ganin ɗaya gefen al'amarin. Abin da za a nuna shi ne, a nan ruwan ya gangara ta wata hanya dabam: asali ya rufe wa attajiri ƙofar sarauta, don haka gidajen dukiya suka koyi zama kusa da kowane mai mulki ba tare da neman kujerarsa ba, kuma wannan ne ya sa suka daɗe fiye da gwamnatocin da suka yi hulɗa da su.

2.0 Ajiya da Bashi Kafin Zuwan Banki

Kalmar banki baƙuwa ce a Hausa, amma ayyukan banki ba baƙi ba ne. Harshen da kansa shaida ne. Akwai ajiya da amana, akwai rance da bashi da lamuni da jingina, akwai jari da uwar kuɗi, akwai kuma adashi da asusu. Attajiri daga Larabci aka aro shi, ma'anarsa ta asali ɗan kasuwa, amma a bakin Bahaushe ya koma nufin wanda dukiyarsa ta kai ya riƙe wasu. Wani abin lura ga masu nazarin harshe shi ne kalmomi biyu da rubutun boko ya haɗe su wuri guda: riba ta ciniki wadda kowa ke nema, da riba da shari'a ta haramta. Tushensu a Larabci daban ne, kuma a furuci tsawon wasali da karin sauti ke raba su. Saboda gudun wannan ruɗani, da kuma nauyin kalmar, jama'a suka fi son cewa kuɗin ruwa. Wannan haramci shi ne babban dalilin da ya sa attajirin ƙasar Hausa bai mai da ba da bashi sana'a mai zaman kanta ba, kamar yadda Medici da Fugger suka yi. Yakan ba da jari a raba riba, ko ya ba da kaya a biya bayan an sayar, amma bai kafa shagon sayar da kuɗi ba.

A ƙarni na 19 wanda ya fi kama da ma'aikacin banki shi ne fatoma, wato maigidan da fatake ke sauka a wurinsa. Shi ke ajiye musu kaya da kuɗi, shi ke haɗa su da dillalai, shi ke tsaya wa mai saye idan za a ba shi kaya bashi. A kan hanya kuma madugu ke riƙe da ayari, shi ke sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu a kan abin da za a biya. Fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja ya fi zama a hannun rukunoni uku: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Biyun farko asalinsu daga wajen Azbin ne, cikin mutanen da ke ƙarƙashin Buzaye, na ukun kuma daga Barno. Dukkansu sun zama Hausawa ta fuskar harshe da al'ada, amma ba su da gado a sarauta. Gadon Kano tun 1819 yana gidan Ibrahim Dabo, na Katagum kuma yana zuriyar gidan Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu. Kome yawan wurin da Ba'agale ya tara, ba zai saye wannan ba.

Saboda haka dangantakar attajiri da fada ta ginu a kan buƙatar juna da kuma tsoron juna. Fada na buƙatar dawaki da tufafi da kayan alfarma waɗanda attajiri ke kawowa, sau da yawa bashi. Attajiri kuma na buƙatar tsaron hanya, da alƙalin da zai karɓo masa bashinsa, da kuma kariya ga dukiyarsa bayan ransa, domin hukuma na da ushira a cikin gado. Gaisuwa, wato kyautar da ake kai wa mai mulki, ita ce igiyar da ke ɗaure wannan hulɗa. Sunan Kundila, attajirin Kano na ƙarshen wancan ƙarni, ya wanzu a bakin mutane har ya zama sunan unguwa, amma dukiyarsa ba ta zama gidan kasuwanci mai ɗorewa ba. Wannan shi ne ƙa'ida a wancan zamani: arziki na mutum ɗaya ne, idan ya faɗi aka raba gado, sai a koma farko.

3.0 Gidan Ɗantata

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi fatauci can wajen Gwanja, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan laƙabin Ɗantata ya samo asali. An ruwaito cewa a lokacin Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, yana cikin waɗanda aka kama a Bebeji sai da aka fanshe su. Idan aka yi la'akari da yadda ya tafiyar da hulɗarsa da masu mulki daga baya, ba wuya a ga darasin da mutum zai ɗauka daga irin wannan: faɗan 'ya'yan sarki a kan gado, talaka da attajiri ke biyan kuɗinsa.

Ya fara da goro, kuma yana cikin waɗanda suka fara amfani da jirgin ruwa tsakanin Ankara da Ikko maimakon doguwar hanyar ƙasa. Amma abin da ya ɗaga shi sama da tsararrakinsa shi ne gyaɗa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawa na sa ran auduga za su kwasa, sai manoma da fatake suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma idan ciniki ya ƙi ana iya cin ta. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe, ba su kuma san wanda za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Fataken goro kuwa suna da yara a kowace kasuwa. Nan tsohon tsarin ubangida da bara ya sami sabon aiki: kamfani ya ba babban ɗan kasuwa kuɗi, shi ya rarraba wa yaransa, su kuma su ba 'yan baranda, har kuɗin ya isa hannun manomi tun gyaɗa tana ƙasa. Daga 1918 Alhassan ya zama mai saya wa Kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin U.A.C. a 1929, kuma ya zama babban mai kawo wa wannan kamfani gyaɗa.

Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na 1929, lokacin da aka ce ya kai raƙuma 20 ɗauke da kuɗin azurfa ya ajiye a Bankin British West Africa a Kano. Yawanci ana ba da labarin ne don nuna yawan dukiya. Abin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne wurin da kuɗin suka fito da wurin da suka shiga. Kafin ranar, ajiyar tana cikin gida, a ƙarƙashin idon fada da na magada. Bayan ranar, tana cikin littafin wani kamfani mai hedikwata a Landan, inda hannun hakimi ba ya kaiwa. Attajirin ya sami mafaka ta biyu ban da sarki, ko da yake bai saki ta farkon ba.

Bai sake ta ba, domin a zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953) an shigar da shi majalisar sarki yana ba da shawara, abin da ba a saba gani ba ga mutumin da ba shi da gadon sarauta ko na malanta. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955 aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. Babban abin da ya bari, wanda ya bambanta shi da Kundila, shi ne kamfani mai rajista, Alhassan Dantata and Sons, wanda rabon gado bai wargaza shi ba.

'Ya'yansa kuma kowa ya kama ƙofa. Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960. Sanusi ya zama ɗaya daga cikin mafiya girman masu sayen gyaɗa a shekarun 1960, ya kuma kasance jigo a ɗariƙar Ƙadiriyya tare da Shaihu Nasiru Kabara, wanda hakan wata irin ƙofar iko ce a Kano. Mamuda ya kafa kamfanin jigilar alhazai ta mota, wanda taƙaitaccen sunansa na Turanci ya zama sunan unguwar Wapa a Fagge, cibiyar 'yan canji har yau. Aminu, wanda aka haifa a 1931, shi ne ya shiga gwamnati sosai. Ya karɓi ragamar kamfanin a 1960, aka zaɓe shi ɗan Majalisar Jihar Arewa a 1961 a ƙarƙashin jam'iyyar N.P.C., kuma da soja suka rushe wannan tsari aka ƙirƙiro Jihar Kano, sai ga shi kwamishina mai kula da ciniki da masana'antu a gwamnatin Audu Baƙo daga 1968. Wato gida ɗaya ya zauna a majalisar sarki a zamanin Turawa, ya zauna a majalisar dokoki a zamanin Sardauna, ya kuma zauna a majalisar zartarwa a zamanin soja, duk cikin shekara 20.

4.0 Gyaɗar Katagum

Dalar gyaɗa a Kano aka gina ta, amma ba a Kano kaɗai aka noma ta ba. Ƙasar Katagum, da jigawarta mai saukin huɗa, tana cikin yankunan da suka ciyar da wannan ciniki. An mai da hedikwatar masarautar daga garin Katagum zuwa Azare a 1916, Azare kuma ta bunƙasa a matsayin kasuwa da mahaɗar hanyoyi. Manomin Giade ko Shira ko Madara da ya kai buhunsa kan sikeli da kaka, shi ne matakin ƙarshe na wannan tsani da ya faro daga ofishin kamfani a Ingila. Ba shi da zaɓi mai yawa, domin haraji da kuɗi ake biyansa, lokacin karɓarsa kuma ya zo daidai da lokacin cinikin gyaɗa. Dagaci da hakimi ke tara harajin su kai baitulmalin En'e, inda Ma'aji ke riƙe da littafi. Ta haka sarauta da kasuwa suka haɗu a kan buhu ɗaya: mai karɓar haraji ne ke tura manomi wurin mai sikeli.

Daga 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda a 1954 ta koma hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi kafin kaka, ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, kuma ba mai saya mata sai wanda ta ba lasisi. Wannan lasisi shi ne mabuɗin arzikin wancan zamani, domin mai riƙe da shi yana da ladan da aka ƙayyade a kan kowane tan, banki kuma na ba shi bashi saboda ya san kuɗin hukuma na tafe. Tun da gwamnati ke naɗa hukumar, jam'iyya kuma ke riƙe da gwamnati, kusanci da N.P.C. da fada ya zama wani ɓangare na jari. Ɗan kasuwar da aka sani da NEPU yana iya rasa lasisi, ko rumfa, ko ya sami kansa a gaban alƙali.

A mafi yawan shekaru farashin da hukumar ke biyan manomi bai kai na kasuwar duniya ba. Rarar da ke tsakani ita aka zuba a hukumar raya Jihar Arewa, daga nan ta shiga masaƙu da hanyoyi da basussukan da aka ba 'yan kasuwa. Bankin Arewa da aka yi wa rajista a 1959, ya fara aiki a 1960, daga irin wannan tushe hannun jarin gwamnati a cikinsa ya fito. Idan aka bi sawun kuɗin, za a tarar manomin Giade yana cikin waɗanda suka kafa wannan banki, sai dai sunansa bai shiga takardar masu hannun jari ba, kuma da wuya ya cika sharuɗɗan karɓar bashi a cikinsa.

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 sun kawo ƙarshen fitar da ita waje, aka kuma rushe hukumomin ciniki a 1986. A nan bambancin matakan tsanin ya fito fili. Manyan gidaje sun riga sun ƙaura. Dokokin mai da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun buɗe musu sayen hannun jari, kuɗin man fetur kuma ya buɗe kwangilar gine-gine da hanyoyi, inda kamfani irin su Dantata and Sawoe ya yi suna. Wanda ya san ministoci, ya kuma san manajan banki, shi ya iya tsallakawa. Manomi kuwa ya koma gero da dawa da wake, matasa suka kama hanyar ci-rani.

5.0 Azare, 1963

Ƙasar Katagum ta ga ɗaya fuskar wannan tarihi da idonta. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa D.J.M. Muffett ya binciki yadda ake sarrafa kuɗin En'e ta Kano. Sakamakon binciken ya sa Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963, aka kai shi Azare a zamanin Sarkin Katagum Umaru Faruƙu, inda ya zauna kusan shekara 20 kafin a mai da shi Wudil, ya rasu a 1991. Mutane da yawa sun ɗauki lamarin a matsayin gwajin ƙarfi tsakaninsa da Sardauna, amma makamin da aka yi amfani da shi littafin baitulmali ne. Sarkin da ya fi kowa ƙarfi a Arewa ya sauka, attajiran da ke kai masa gaisuwa kuma suka ci gaba da cinikinsu da wanda ya gaje shi.

Jikan wannan sarki, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ɗan Ciroman Kano Aminu Sanusi, shi ne ya bi hanyar Medici ta baya, wato daga gidan sarauta zuwa banki. Ya fara aikin banki a 1985, ya zama shugaban First Bank a Janairun 2009. Wannan banki shi ne magajin wanda Alhassan Ɗantata ya kai wa raƙuma shekara 80 kafin nan, kuma shugaban hukumar daraktocinsa a lokacin shi ne Umaru Mutallab na Funtuwa, wanda ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Murtala da Obasanjo kafin ya shugabanci bankin U.B.A. A watan Yunin 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa Sanusi gwamnan Babban Bankin Nijeriya, a watan Agusta kuma ya sauke shugabannin bankuna 5 tare da zuba naira biliyan 420 don ceto su. (Ba shi ne ɗan wannan yanki na farko a kujerar ba ta fuskar Arewa: Abdulƙadir Ahmed, mutumin Jama'are maƙwabciyar Katagum, ya riƙe ta daga 1982 zuwa 1993, shi kuwa ta hanyar ilmin akanta ya hau.) Shugaba Jonathan ya dakatar da Sanusi a Fabrairun 2014, a watan Yuni ya zama Sarkin Kano. Gwamna Ganduje ya tuɓe shi ranar 9 ga Maris 2020 bayan taƙaddama wadda ta haɗa da binciken kuɗin masarauta, aka kai shi Jihar Nasarawa, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya mai da shi a Mayun 2024, abin da ya jawo shari'a tsakaninsa da Aminu Ado Bayero. Aikin banki ya ba shi suna a duniya, amma jini ne ya ba shi damar shiga takarar gado, kuma gadon ya zo masa da irin haɗarin da ya sami kakansa.

6.0 Ɗiya Mace da Bankin da Babu Ruwa

Masu rubuta tarihin gidaje sukan bi salsalar maza, alhali a gidan Ɗantata reshen da ya fi kowane yaɗuwa ta wajen mace ya fito. Hajiya Mariya, 'yar Sanusi Ɗantata, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, ya tashi a hannun kakansa, ya kuma fara kasuwanci a ƙarshen shekarun 1970 da jarin da ya samu daga dangin mahaifiyarsa. Tsarin bai sauya ƙwarai ba daga zamanin lasisin gyaɗa. Manufar gwamnatin Obasanjo ta 2002, wadda ta ɗaure izinin shigo da siminti da sharaɗin kafa masana'anta a cikin gida, ita ce ta share fagen da kamfaninsa ya mamaye, matatar mansa ta Legas kuma Shugaba Buhari ne ya buɗe ta a Mayun 2023. Surukuta ma ta ɗauki sabon salo, ta tashi daga tsakanin attajiri da fada ta koma tsakaninsa da masu riƙe da gwamnatin tarayya, kamar yadda aka gani a 2016 lokacin da ɗan Muhammadu Indimi, attajirin man fetur na Maiduguri, ya auri 'yar shugaban ƙasa mai ci.

Game da banki kuwa, tsohuwar matsalar kuɗin ruwa ba ta sami mafita a hukumance ba sai a zamanin da Sanusi ke Babban Banki, lokacin da aka fitar da ƙa'idojin bankin da ba ya mu'amala da ruwa a 2011. Bankin Jaiz ya fara aiki a Janairun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, Umaru Mutallab na shugabantar daraktocinsa, Aminu Ɗantata kuma na cikin manyan masu jarinsa. Ɗan sarauta ne ya sa hannu a takardar izini, ɗan attajiri ya kawo kuɗi, shekara 83 bayan mahaifinsa ya kai ajiya bankin Turawa. Bankin Arewa a lokacin ya riga ya ɓace, ya narke cikin bankin Unity tun 2006.

Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni 2025 yana da shekara 94, aka binne shi a Madina. Gwamnatin tarayya ta aika tawagar ministoci, gwamnan Kano ya je, haka kuma mutanen nan biyu da ke jayayya a kan gadon Dabo, Muhammadu Sanusi na 2 da Aminu Ado Bayero, kowannensu ya tafi da jama'arsa.